Shekara 70 a gadon sarautar Ingila: Elizabeth ta yi mulki ne, ko daɗewa kawai ta yi?

Malam Sani Tarihi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Yau mu ɗan huta da siyasar gida, mu leƙa Ingila. Sarauniya Elizabeth ta Biyu ta hau gado ranar 6 ga Fabrairu 1952 tana da shekara 25, ta rasu ranar 8 ga Satumba 2022 tana da 96. Shekara 70 da kwana 214 ke nan. A gidansu babu wanda ya kai ta daɗewa, har kakar kakanta Victoria da ake ta kurantawa, ita a 63 ta tsaya. Firayim minista 15 ta yi aiki da su, na farko Churchill an haife shi 1874, ta ƙarshe Liz Truss an haife ta 1975. Ga abin da ya sa na kawo maganar. Duk wanda na ce ya faɗa mini abu ɗaya tak da matar nan ta yi da hannunta, sai ya yi jim, can ya ce ai ta daɗe. To daɗewa aiki ne? Ku taimaka mini.

Maman Khalifa: Wa alaikumus salam Malam. Daɗewa irin tata kam aiki ne. Yarinyar da ba a ma haife ta don sarauta ba fa. Yayan babanta ne sarki, Edward na Takwas, shi ya ajiye rawani a 1936 saboda wata bazawara Ba'amurkiya, sarauta ta faɗo kan babanta ba shiri, ita kuma tana 'yar shekara 10 ta wayi gari magajiya. Lokacin yaƙin Hitila ta shiga rundunar mata ta koyi tuƙi da gyaran mota. Ranar da ta cika 21 tana Cape Town ta yi alkawari a rediyo cewa rayuwarta duka, ta yi tsawo ko ta gajarta, hidima za ta yi da ita. Kuma ta cika. Saura kwana biyu ta rasu tana tsaye da sandarta a gidanta na Balmoral a Scotland tana naɗa sabuwar firayim minista. Aure kuma shekara 73 da miji ɗaya. Ku nuna mini namiji mai mulki da ya riƙe alkawarin shekara 75.

Kwamared Bala: Hajiya, a ina take ranar da aka ce mata babanta ya rasu?

Maman Khalifa: Kenya mana, kowa ya sani. Sun kwana a wani masauki da aka gina a kan bishiya suna kallon namun daji.

Kwamared Bala: Madalla. To a Kenyar nan, wata takwas bayan nan, Oktoba 1952, Turawa suka kafa dokar ta-ɓaci a kan 'yan Mau Mau, masu yaƙin neman ƙasarsu da 'yanci. Aka kwashe Kikuyawa dubbai aka tsare a sansanoni, aka rataye fiye da mutum dubu, ciki har da Dedan Kimathi a 1957. A sansanin Hola, 1959, dukan kawo wuƙa aka yi wa fursunoni 11 har suka mutu, aka fara cewa wai ruwa suka sha ya kashe su. An yi wa maza dandaƙa, abin da aka yi wa mata ba zai faɗu a zauren nan ba. Kada a ce ƙagen 'yan gurguzu ne: gwamnatin Birtaniya da kanta a 2013 ta biya fam miliyan 19.9 ga tsofaffi 5,228 da suka kai ƙara Landan. Sojan da ya yi dukan, rantsuwar biyayya ga wa ya yi? Tambarin wa ke goshin hularsa? Duk wannan a shekarunta goma na farko ne. Ba ta taɓa buɗe baki ta ce uffan a kai ba har ta koma ga Mahaliccinta.

Barista Hauwa: Kwamared, duk abin da ka lissafa ya faru, ba mai musu. Inda zan tsaya maka shi ne wa ke da iko. A tsarin Ingila sarki yana sarauta ne, majalisa ke mulki. Rabon da wani mai sarauta ya ƙi sa hannu a dokar da majalisa ta zartar tun 1708, zamanin Sarauniya Anne. Jawabin da take karantawa ranar buɗe majalisa gwamnati ke rubutawa, ko ba ta yarda da kalma ɗaya a ciki ba haka za ta karanta. Gwamnan Kenya daga sakataren mulkin mallaka yake karɓar umarni, shi kuma daga majalisar ministoci. Abin da al'ada ta bar mata uku ne: a shawarce ta, ta ƙarfafa gwiwa, ta yi gargaɗi. Su ma a asirce, a ganawar da take yi da firayim minista mako-mako, ba sakatare, ba rubutu. In ana neman wanda za a kama da laifin Hola, gwamnatin firayim minista Macmillan ce.

Kwamared Bala: Wato ba a mugun sarki sai mugun bafade ke nan, Barista? Wannan karin maganar fadawa suka ƙirƙiro ta don kare tuwonsu. Ni abin da ba na so shi ne awo da mudu biyu. In an zo kan abin kirki, sai a ce Sarauniya ta ba ƙasashe 'yanci, Sarauniya ta haɗa kan ƙasashe renon Ingila. In an zo kan jini, sai a ce ai baiwar Allah ba ta da iko. A zaɓi ɗaya. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Usman Ɗalibi: Ina bin ku a hankali, gobe muna da jarabawar tsarin mulki. Don Allah a ci gaba.

Baba Alhaji Kaduna: Jikata ce ke rubuta mini, idona ba ya ganin ƙananan baƙaƙen nan. Ni na ga matar nan da idona a 1956, ina ɗan firamare a Kaduna. An jera mu bakin hanya tun da sassafe, kowa da 'yar tutarsa ta Ingila, ga hunturu, ƙafa duk ta yi furu-furu. Da motar ta zo wucewa abin da na gani farar safar hannu ce tana ɗagawa, shi ke nan. Amma hawan daba da aka yi mata, ɗana Bala, ko kai da ka tsani Turawa da ka gani sai tsigar jikinka ta tashi. Sarakunan Arewa kaf sun hallara. Sarkin Musulmi Abubakar, Shehun Borno, Sarkin Kano Sanusi, Sarkin Katsina Usman Nagogo, Sarkin Zazzau Ja'afaru. Dawakai dubbai, wasu sun yi makonni a hanya kafin su iso. 'Yan lifida, 'yan sulke, masu kakaki da algaita, raƙuma. Ita kuma ta fito da rana tsaka da kambinta na lu'ulu'u, Sardauna na kusa. Mu a lokacin ba mu san wata Kenya ba. Abin da muka sani an yi fenti, an gyara titi, an ba mu hutu. Tsofaffinmu har suka mutu da shekarar zuwan Sarauniya suke lissafin haihuwa da aure. Kuma sulen da muka riƙa kashewa da kanta a jiki yake, haka kan sarkin da muke manna wa wasiƙa.

Maman Khalifa: Allah ya ƙara lafiya Baba. Irin wannan ba a samunsa a littafi.

Kwamared Bala: Allah ya ja kwana Baba, ban isa in musa abin da idonka ya gani ba. Tambaya ɗaya dai: kuɗin fentin da na ciyar da dawakan, daga aljihun wa ya fito? Ba haraji da jangalin talakan En'e ba ne?

Baba Alhaji Kaduna: Daga nan ya fito mana. Ka ji na ce daga Landan aka aiko? 'Yan NEPU ma haka suke faɗa a lokacin, wasunsu sun sha ɗauri a kan maganganun da ba su kai naka zafi ba.

Malam Sani Tarihi: Bari in ɗora a kan ta Baba, don ziyarar nan ba yawon shan iska ba ce. Ta sauka Legas ranar 28 ga Janairu 1956, ta yi kusan mako uku: Kaduna, Jos, Inugu, Fatakwal, Kalaba, Binin, Badun, ta ƙare da Kano. Ku tuna halin da ake ciki. A 1953 Anthony Enahoro ya kawo ƙudurin a ba Najeriya mulkin kai a 1956, wakilan Arewa suka ce sai lokacin da ya dace, aka yi musu ature a Legas, rikici ya ɓarke a Kano a watan Mayu aka rasa rayuka. Tsarin mulkin 1954 ya raba ƙasa jihohi uku masu ƙarfi. To shekarar da 'yan Kudu suka sa wa ido, ita aka zaɓa aka kawo Sarauniya. Turawa sun san tafiya ta zo, abin da suke nema a rabu ana dariya, kasuwa da soja da kotu su ci gaba da kallon Landan. A ziyarar ne aka laƙaba wa rundunar sojan Najeriya sunan rundunar Sarauniya. Kuma dabarar ta ci. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ba ta zo da kanta ba, 'yar ƙanin babanta Gimbiya Alexandra ta turo, amma ita ce dai Sarauniyar Najeriya har 1 ga Oktoba 1963, Azikiwe wakilinta ne kawai. Sardauna da Tafawa Ɓalewa duk sun karɓi lambar Sir daga gare ta. Abin da nake so ku lura: kakannin wasu daga cikin sarakunan da suka yi mata jahi a Kaduna su ne suka yi yaƙi da Gwamna Lugga shekara 53 kafin nan. Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi ya yi shahada, 1903.

Usman Ɗalibi: Malam, ashe Victoria ce ta ci Sakkwato da yaƙi?

Malam Sani Tarihi: A'a Usman. Da sunanta Lugga ya kafa tuta a Lakwaja ranar 1 ga Janairu 1900, amma ta rasu Janairu 1901. Kano da Sakkwato a 1903 suka faɗi, zamanin ɗanta Edward na Bakwai.

Barista Hauwa: Ƙari a kan shekaru ukun nan na 1960 zuwa 1963, Usman ka rubuta wannan don yana fitowa a jarabawa. Har 1963 kotun ƙolinmu ba ita ce ƙarshe ba, ana ɗaukaka ƙara zuwa majalisar shari'a ta Sarauniya a Landan. Rigimar Akintola da Adegbenro kan kujerar firimiyan Yamma can ta ƙare, alƙalan Landan suka ba Adegbenro gaskiya, 'yan siyasarmu suka gyara tsarin mulkin jihar suka mayar da gyaran baya don hukuncin ya tashi a banza. Da aka zama jamhuriya aka toshe hanyar gaba ɗaya.

Ɗan Damagaram: Ina gaida 'yan uwa na Najeriya. Mu nan ba mu da sarauniya, Faransa ta riƙe mu, su kuwa tun 1793 suka sare kan sarkinsu. Amma ku dubi yadda aka rabu. Gine ta ce a'a ga tayin shugaban Faransa De Gaulle na ci gaba da zama tare da Faransa a 1958, Faransawa suka kwashe komai suka tafi cikin fushi. Mu da muka ce i, ga sefa nan har yau a aljihunmu. Ingila kuwa ta sallami ƙasashe da dama, amma kowa na rububin zuwa shan shayi a fadar Buckingham. Har waɗanda ba ta taɓa mallaka ba suna neman shiga ƙungiyarta ta ƙasashe renon Ingila: Mozambik 1995, Ruwanda 2009, Gabon da Togo 2022, ƙasashe 56 yanzu. Kwamared, ko ka ƙi ko ka so, tsohuwar nan ce ta sa ƙungiyar ta yi farin jini. Ni ban ce alheri ba ne. Na ce gwaninta ce.

Kwamared Bala: A nan mun haɗu. Gwaninta ce, irin ta mai shafa wa ƙaya zuma.

Sister Rabi Kumasi: Mu a Gana abin da iyayenmu ke tunawa rawar da ta yi da Nkrumah a 1961. Kafin zuwanta bama-bamai sun tashi a Ankara, 'yan majalisar Ingila da yawa suka ce kada ta je, ga Nkrumah yana ta matsawa kusa da Rasha. Ta ce sai ta je. Hoton Baturiya sarauniya a hannun baƙar fata ya zaga duniya a lokacin da a Afirka ta Kudu hakan abin ƙyama ne ga masu mulki. Barista, wannan ai ra'ayinta ne, ba a tilasta ta ba.

Barista Hauwa: Ra'ayinta ne, amma da Macmillan ya ce a'a da ba ta tafi ba. Shi ma yana son tafiyar, don kada Gana ta kuɓuce.

Abdul Manchester: Ni da nake zaune a ƙasar bari in ce wani abu kan wannan "ba ta da iko" da Anti Barista ke maimaitawa. Akwai wata al'ada da ba a cika magana a kai ba: duk dokar da ta shafi dukiya ko haƙƙin gidan sarauta, sai an kai wa fada ta gani tun kafin majalisa ta gama muhawara. Jaridar Guardian ta tono a 2021 cewa dokoki fiye da dubu sun bi ta wannan ƙofa a zamaninta. Ta kuma fito da takardun 1973 da ke nuna lauyanta ya matsa wa gwamnatin Heath a gyara wani daftari don kada jama'a su san yawan hannun jarinta. Fada ta ce al'ada ce kawai, ba ta taɓa tare wata doka ba. To ji dai. Haraji kuma ba ta fara biyan na kuɗin shiga ba sai 1993, bayan gobarar fadar Windsor a Nuwamba 1992, da aka ce talaka zai biya gyara mutane suka yi ca. Ashe in abin ya zo kan aljihu, bakin yana buɗuwa.

Barista Hauwa: Wannan hujja ce mai nauyi Abdul, ita ce mafi ƙarfi da aka kawo tun da aka fara. Sai dai kare gonarka daban, juya siyasar ƙasa daban. Da ta fito ta soki gwamnati a kan Kenya ko yaƙin Suez na Masar a 1956, ta karya ƙa'idar da ta sa aka bar gidan da rai. Ranar da sarki marar zaɓe ya fara zaɓar manufar da yake so, yau ya yi daidai da ra'ayinka, gobe fa? Turawan Ingila sun sare kan Charles na Ɗaya a 1649 a kan wannan.

Abdul Manchester: Kuma kada a ɗauka kullum son ta ake yi a nan. Da Diana, tsohuwar matar ɗanta Charles, ta mutu a Faris, 31 ga Agusta 1997, ta yi zamanta a Balmoral da jikokinta, ba tuta a fada, ba jawabi. Jaridu suka yi mata rubdugu, sai da ta dawo Landan ta yi magana kai tsaye a talabijin ranar 5 ga Satumba. Haka a 1966 da tulin sharar kwal ya rufto wa makaranta a ƙauyen Aberfan na Wales ya kashe mutum 144, 116 yara, sai bayan kwana takwas ta je. Shirun da ake yabo, sau biyu ya kusa kayar da ita. Abin da na yarda da shi, tana koyon darasi. Lokacin korona da aka binne mijinta a Afrilu 2021 ta zauna ita kaɗai a coci da takunkumi saboda doka, daga baya aka gano ma'aikatan ofishin firayim minista sun kwana suna shagali a daren jajiberin. Wannan hoton ya saya mata zukata fiye da duk jawabanta.

Maman Khalifa: Ka gani ko. 'Ya'ya ne dai Allah ya jarrabe ta da su. Uku cikin huɗu aurensu ya mutu, ga abin kunyar ɗanta Andrew da sai da ta tuɓe masa muƙaman soja a 2022. Wace uwa ce za ta ga wannan ba ta karaya ba?

Garba Mai Shayi: Jama'a ni fa na ga wani saƙo yana yawo cewa Sharifiya ce, jinin Manzon Allah (SAW) ce ta wajen sarakunan Andalus. Gaskiya ne?

Ustaz Nura: Malam Garba, wannan magana ta daɗe tana zagayawa. Masu ita suna jingina ta ne da wata mace mai suna Zaida ta birnin Ishbiliya a ƙarni na 11, wadda ta koma wajen sarkin Kastila Alfonso na Shida. Masana tarihi sun yi saɓani a kan ko 'yar sarkin Ishbiliya ce ko matar ɗansa, kuma silsilar ba ta tabbata ba. Nasaba ba a gina ta da saƙon WhatsApp. Abin da yake a fili shi ne Kirista ce mai riƙo da addininta, ita ce ma shugabar Cocin Ingila. Ta shiga masallatai a ziyarce-ziyarcenta, a Turkiyya da Abu Dhabi, ta rufe kanta ta cire takalmi. Mutunci ne, a yaba mata a kansa, a tsaya nan.

Garba Mai Shayi: Allah ya gafarta Malam, na gode. Bari in goge shi daga zauren gidanmu.

Injiniya Tukur: Ni wani ɓangare ya fi ja mini hankali. Mu ma muna da sarakunan da suka daɗe. Sarkin Musulmi Abubakar na Uku shekara 50, 1938 zuwa 1988. Ado Bayero daga 1963 zuwa 2014. Lamiɗon Adamawa Aliyu Musɗafa daga 1953 zuwa 2010. Shehu Idris na Zazzau shekara 45. In ka duba dukansu hali ɗaya ne da nata: kame baki, haƙuri da kowace gwamnati, soja ko farar hula. Waɗanda suka yi magana ko suka yi karo da masu mulki fa? Sanusi na Ɗaya, wanda ya tarbe ta a Kano, gwamnatin Sardauna ta sa shi murabus a 1963 aka kai shi Azare. Dasuƙi 1996. Jokolo na Gwandu 2005. Sanusi na Biyu 2020. Bambancin shi ne ita ba gwamnan da zai aiko mata da takarda da rana tsaka. Firayim minista ne ke zuwa ya rusuna mata. Namu an ƙwace ikon, ba a ba su kariyar ba.

Malam Sani Tarihi: Injiniya, kuma wa ya fara wannan? Lugga ne ya tsaya a Sakkwato a Maris 1903 ya ce daga yau naɗawa da tuɓewa na hannun Gwamna. Sandar da ake ba sarki mai daraja ta ɗaya, da rantsuwar da yake yi, daga can suka samo asali. Turawa sun bar wa kansu sarautar da ba a taɓawa, suka bar mana wadda ake tuɓewa kamar hula. Gwamnoninmu gadon Razdan suka ci.

Chinedu Sabon Gari: Ku yi haƙuri da Hausata, a Kano aka haife ni. Mu a gidanmu in an ambaci matar nan yaƙin basasa ake tunawa. Gwamnatin Harold Wilson ta sayar wa gwamnatin tarayya makamai daga 1967 zuwa 1970 yara suna mutuwa da yunwa. Na san a zauren nan da yawa iyayenku a ɗaya ɓangaren suka yi yaƙi, ban zo tayar da wannan ba. Ina so ku san dalilin da ya sa ranar da ta mutu wasunmu ba su yi baƙin ciki ba.

Baba Alhaji Kaduna: Hausarka ta fi ta jikokina, ɗana. Yaƙin nan kowa ya yi rashi, Allah kada ya maimaita mana.

Barista Hauwa: Amin Baba. Don adalci kuma a faɗi inda ake ganin ta karkata ga Afirka. A 1979 gwamnatin Obasanjo ta ƙwace kadarorin kamfanin BP ana jajiberin taron ƙasashe renon Ingila a Lusaka, rigimar Rodeshiya (Zimbabwe ta yau) ta kusa fasa ƙungiyar, Thatcher ba ta so Sarauniya ta je ba, ta je, kuma daga taron aka kama hanyar da ta kai ga 'yancin Zimbabwe a 1980. A 1986 jaridar Sunday Times ta buga cewa ba ta jin daɗin yadda Thatcher ta ƙi sa wa gwamnatin wariyar launin fata takunkumi. Fada ta musanta, amma Mandela da ya fito ya riƙe ta aminiya, da sunanta yake kiranta ba wani "ranki ya daɗe".

Kwamared Bala: Barista, kin dawo kan mudu biyun nan. Ɗazu kika ce ba ta da ra'ayi sai na gwamnati. Yanzu kuma ga ta tana ja da Thatcher. In ta iya nuna ɓacin rai a kan Afirka ta Kudu, me ya hana ta a kan Kenya? Ga Ailan ma. A 2011 ta je Dublin, ta sunkuyar da kai a dandalin tunawa da waɗanda suka yaƙi kakanninta, ta buɗe jawabi da harshensu. A 2012 ta yi musabaha da Martin McGuinness, tsohon kwamandan IRA, ƙungiyar 'yan bindigar Ailan da ta kashe Mountbatten, kawun mijinta, a 1979. Na jinjina mata a nan, ba ƙaramin abu ba ne. Amma Ailan farare ne. A Amritsar 1997, inda sojan Ingila suka bindige ɗaruruwan Indiyawa a 1919, fure ta ajiye, kalmar neman gafara ba ta fito ba. Kenya ko furen ba su samu ba.

Barista Hauwa: To ga wadda za ta ba ka mamaki. A Nuwamba 1995 a New Zealand ta sa hannu da kanta, a gaban shugabannin Maori, 'yan asalin ƙasar, a kan dokar da ke ɗauke da neman gafarar gidan sarauta ga ƙabilar Tainui saboda ƙasarsu da aka ƙwace a shekarun 1860. Su ba farare ba ne. Me ya bambanta? Gwamnatin can ce ta rubuta ta ce ta sa hannu. Gwamnatin Landan kuwa lauyoyinta na tsoron kalmar, don bayanta diyya ce. Ko ɗanta Charles da ya je Nairobi a Oktoba 2023 ya ce abin da aka yi wa 'yan Kenya abin ƙyama ne da ba shi da hujja, ya nuna nadama, amma bai nemi gafara ba, don ba a ba shi izini ba.

Kwamared Bala: To in haka ne ladan Dublin ma na gwamnati ne, a daina rataya mata. Ni na yarda a ce ma'aikaciya ce da ta yi shekara 70 ba ta makara ba, ba ta yi suɓul da baka ba. Wannan na ba ta. Uwar Afirka ce ban yarda ba.

Maman Khalifa: Wa ya ce uwar Afirka? Kai dai Kwamared ko ruwa ta ba ka sai ka ce da gishiri.

Injiniya Tukur: Tun da ana maganar abin da ke hannunsu, akwai na ban haushi da laifin namu ne. Da Gowon zai kai ziyara Landan a 1973, daga gidan tarihi na Legas aka ɗauko kan tagulla na Binin, na asali, aka kai mata tsaraba. Wato waɗanda sojansu suka wawushe a 1897 ba su isa ba, muka ƙara musu da hannunmu. Yana cikin kayan fadar har yanzu. Da ta dawo a Disamba 2003 taron Abuja, ban ji wanda ya tambaye ta shi ba.

Usman Ɗalibi: Malam Sani, to a jarabawa in aka ce tana da iko ko ba ta da shi, me zan rubuta?

Malam Sani Tarihi: Rubuta abin da Barista ta faɗa, shi malaminka ke nema. Amma ka riƙe na Abdul a ranka. Abin da ta faɗa wa firayim ministoci 15 a ɗaki ba a rubuta shi ba. An dai san tana rubuta littafin sirrinta kusan kullum, kuma takardun gidan suna ajiye a Windsor, dokar 'yancin samun bayanai ba ta hau kansu ba. Sai wanda fada ta yarje wa yake gani.

Barista Hauwa: Victoria ma ta rubuta irinsa tun tana 'yar shekara 13 har ta kusa rasuwa. 'Yar autarta Beatrice ta yi shekaru tana kwafe shi, tana cire abin da take ganin bai dace a gani ba, ta ƙone yawancin na asalin.

Kwamared Bala: Gadon gida ne ashe. Takardun Kenya ma da Turawa za su tafi wasu suka ƙone, sauran suka ɓoye a wani rumbun gwamnati a Hanslope Park da ke Ingila suna cewa babu, sai da tsofaffin Mau Mau suka ja su kotu suka fito da su a 2011. Usman, wannan ma ka rubuta, ko malaminka bai tambaya ba.